Tumbin Inna Rakiya

A cikin duk shekarun da na yi ina aiki, ban taɓa mantawa da ranar da na shiga wani gida a Sabo da ta'aziyya a bakina ba, sai na tarar da matar da nake zaton ta rasu zaune a kan tabarma tana tsintar shinkafa.

Sunana Hauwa'u, amma a unguwa Jummai ake kirana. A Sabo, unguwar Hausawa, aka haife ni, fataucin goro ne ya kawo mahaifina Ibadan. Na yi aikina gaba ɗaya a ɗakin gwajin nama na wani babban asibiti a garin nan, na fara daga ƙaramar ma'aikaciya har na kai babbar jami'ar gwaji kafin na yi ritaya. Ga wanda bai san aikin ba, mu ba ma ganin marar lafiya. Idan likitan tiyata ya yanko wani abu daga jikin mutum, mu ake kawo wa. Mu jiƙa shi a magani don kada ya lalace, mu daskarar da shi a cikin kaki irin na kyandir, mu yanka shi siriri fiye da fatar albasa, mu ɗora a gilashi, mu rina, sannan likita ya duba a madubin da ke girmama abu. Ragowar naman da ke cikin kakin kuwa sai a adana shi, yana iya shekaru bai canza ba.

A shekarun ƙarshe na aikina, shugabar sashenmu, Dakta Folake, ta ɗauko wani bincike a kan sankarar tumbi. Mace ce mai ƙarancin magana, mai son a yi abu sau ɗaya a yi shi daidai. Ta tara mu ta yi mana bayani. Jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma a tsakiyar kowace ƙwaya akwai abin da ake kira DNA, wanda ke ɗauke da tsarin halittar mutum. Ƙwayoyi masu lafiya awonsu ɗaya ne, abin da ke cikin wannan shi ne ke cikin waccan. Amma idan bangon tumbi ya daɗe yana lalacewa har ya fara juyawa zuwa sankara, sai awon ya soma rikicewa, wata ƙwayar ta ɗauki fiye da kima, wata ta gaza. Abin da take so ta sani shi ne ko yawan wannan rikicewar yana nuna yadda ciwon zai kasance da mutum daga baya.

Aikina shi ne in ɗauko tsofaffin kakin waɗanda aka yi wa tiyatar tumbi, in sake yankawa, in rina da wani rini mai kama DNA kaɗai. Gwargwadon abin da ke cikin ƙwaya, gwargwadon duhun launinta. Kyamara ta ɗauka, kwamfuta ta auna, ta fitar da zane. Idan ƙwayoyin suna kusa da lafiya, zanen yakan tashi tsauni guda, tsaf. Idan sun rikice, sai ka ga tsaunuka barkatai, nan ɗaya can ɗaya.

To, zane kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka san abin da ya sami mai naman. Yana raye? Ya rasu? Yaushe? Da yawa daga cikin marasa lafiyar sun daina zuwa asibiti tun da daɗewa, lambobin wayarsu ba sa shiga. Wasunsu Hausawa ne, kuma adireshinsu bai wuce kalma ɗaya ba: Sabo. Bayan hukumar asibiti ta ba da izini, Dakta Folake ta kira ni ofis ta ce ni ce zan bi sawun waɗannan, tunda unguwarmu ce. Ta ja min kunne a kan abu biyu. Kada in faɗa wa kowa dalilin zuwana sai mai ciwon ko magajinsa, kuma kada in yi wa kowa fassarar zanen, domin ba aikina ba ne, kuma binciken ma bai kammala ba.

Gidajen farko da na shiga duk ta'aziyya na yi. Wani dillalin shanu ya rasu a nan, wani ɗan dako an mayar da shi gida Arewa ya cika a can. Na saba, har na riƙa fita da babban mayafina na zuwa gaisuwa.

Sai na zo kan wata mai suna Rakiya. An cire mata tumbi gaba ɗaya shekara biyar ko shida kafin lokacin, aka haɗa maƙoshinta da hanji. Zanenta yana cikin mafiya muni da na taɓa fitarwa. Na sake yankawa, na sake rinawa don in tabbatar ba hannuna ba ne, ya sake fitowa haka. A raina na riga na gama da ita.

Nemanta bai yi wuya ba. Na tambayi gwaggona ko ta san wata Rakiya da aka taɓa yi wa babban aiki a ciki, ta ce ai Inna Rakiya mai waina ce, wadda ke toyawa a bakin layin da ke fita Mokola, ta daɗe ba ta ganta ba. Ni ma na san wainar, na ci ta tun ina makaranta, sunan mai ita ne ban taɓa sani ba.

Na je da la'asar, ranar wata Asabar, ana yayyafi. Na yi sallama, na shiga tsakar gida, na tambayi wata matashiya mai goyo ko nan ne gidan marigayiya. Allah ya taimake ni ban ƙarasa kalmar da ƙarfi ba, domin kafin ta amsa sai wata murya daga ƙarƙashin rumfa ta ce, "Wa ake nema?"

Tsohuwa ce ƙarama, ta rame ƙwarai, da faranti a cinyarta. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi sunan mahaifina, ta gane shi nan take. Na ce daga asibiti nake, ina son magana da ita ita kaɗai. Ta ce babu abin da za ta ɓoye wa ɗanta, a kira shi.

Ɗan nata, Alhaji Sani, yana sayar da albasa a kasuwar Bodija, kuma dawowarsa ke nan. Ya zauna a kan benci yana saurare. Na fara bayani a hankali, na ce muna auna DNA a naman da aka cire wa Inna. Ina faɗin wannan kalma sai fuskarsa ta canza. Ya miƙe tsaye.

"Malama, wa ya aiko ki? Wa ya ce akwai shakka a gidan nan?"

Sai a lokacin na tuna cewa a wajen mutanenmu gwajin DNA abu ɗaya yake nufi, wato a gano ko ɗa na ubansa ne. Na ba shi haƙuri, na rantse masa cewa wannan ba shi da alaƙa da nasaba, ciwon kawai muke aunawa, ba mutanen gida ba. Inna Rakiya ta yi dariya har da tari, ta ce masa ya zauna, ai duk wanda ya ga goshinsa ya ga na ubansa. Ya zauna, amma bai sake sakin jiki da ni ba a ranar.

Da hankali ya kwanta na tambaye ta yadda take ji. Ta ce lafiya lau. Sai surukarta, matashiyar nan mai goyo, ta ce ba lafiya lau ba ne. Inna ta bar toya waina tun bara, ta ba ta tandar. Ba ta iya zuwa bakin layi sai ta huta a hanya. Takalmi yana fita daga ƙafarta ba ta sani ba.

Inna ta ce a bar ta ta faɗa da bakinta. Ta ce bayan tiyata ta warke sarai, ta koyi cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ta koma sana'arta. Tana zuwa asibiti ana yi mata wata allura, 'yarta ce ke raka ta tana yi mata tafinta. Da 'yar ta yi aure ta koma Akinyele, ita kuma tana jin ƙarfinta, sai ta ga babu dalilin ci gaba da wahalar layi. Ta daina. Shekaru suka wuce lafiya. Sai gajiya ta fara, sai haki, sai harshe ya riƙa yi mata zafi ko kunu ta sha, sai ƙafafu suka zama kamar tana taka auduga.

"Na san abin da ya dawo, 'yar nan," in ji ta. "Wancan karon sun sami abin yankewa. Yanzu me ya rage? Gida zan tafi, in kwanta kusa da iyayena."

Ashe an riga an shirya. Motar da ta kawo wa Alhaji Sani albasa za ta koma Arewa a makon da ke tafe, kuma an yi mata wuri a gaba. Shi ba ya so, amma ya ce ba zai hana mahaifiyarsa abin da ta roƙa ba.

Na fito daga gidan ina tunanin maganar Inna. Gaskiya ni ma abin da na yi zato ke nan, domin na ga zanenta da idona. Mace mai irin waɗannan ƙwayoyi, ga rama, ga gajiya, me kuma ake jira? Na ce a raina wataƙila tafiyar ce ta fi mata.

Ranar Litinin na shiga ofishin Dakta Folake na ba ta rahoto. Na ce Rakiya tana raye, amma da alama ciwon ya dawo, kuma za ta tafi gida. Na ɗauka za ta rubuta ta wuce na gaba. Sai ta ajiye biro ta fara yi min tambayoyi. Tana amai? Na ce ba su faɗa ba. Cikinta ya kumbura? Ban gani ba. Idonta ya yi rawaya? A'a, fari ne fat. Da na ambaci harshe da ƙafafu sai ta gyara zama, ta tambaye ni yaushe rabonta da allura. Na ce shekaru.

Ta aika aka ɗauko gilasan farko na lokacin tiyatar, ta duba da kanta, ta kira ni in leƙa. Ta nuna min cewa duk da munin ƙwayoyin, ciwon bai ci bangon tumbin da zurfi ba, kuma kaluluwar da aka cire tare da shi duk babu komai a cikinsu. Ta ce zanen yana nuna halin ƙwayoyin ne, amma bai nuna inda suka kai kafin wuƙa ta riske su ba. Sannan ta ce akwai wani bitamin da jiki ba ya iya ɗauka daga abinci sai da taimakon tumbi. Wanda aka cire wa tumbi dole a riƙa ba shi ta allura har ƙarshen rayuwarsa. Jiki yana da ajiyarsa ta wasu shekaru, shi ya sa mutum zai daina allurar ya ga kamar babu abin da ya faru. Idan ajiyar ta ƙare sai jini ya ragu, harshe ya yi sulɓi, jijiyoyin ƙafa su fara mutuwa.

Na ce, "Ma, ke nan ba sankarar ba ce?"

Ta ce, "Ban sani ba, Hauwa. Tana iya zama ita, tana iya zama wannan, tana iya zama duka biyun. Amma ba za mu bar ta ta hau mota ba mu duba ba."

Na gaya mata cewa tsohuwar ta rantse ba za ta sake taka asibiti ba. Sai ta ce to mu za mu taka gidanta.

Ku da kuke aiki yanzu kun san likitan ɗakin gwaji ba ya zuwa gidan marar lafiya. Ba ya cikin aikinta, babu wanda zai tambaye ta in ba ta je ba. Amma da aka tashi aiki a ranar ta sanar da likitan tiyatar da ya yi aikin, ta ɗauki kayan ɗibar jini, muka shiga motarta. A bakin Sabo ta tsaya ta ciro gyale daga jaka ta rufe kanta. Da muka shiga gidan ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna Rakiya irin gaisuwar Yarbawa ga babba, ta kira ta Mama. Alhaji Sani yana jin Yarbanci kamar ɗan gari, sai suka yi ta magana kai tsaye, ni kuma ina juya wa Inna da Hausa.

Dakta ba ta yi mata alkawarin komai ba. Ta duba idonta da harshenta, ta taɓa cikinta, ta sa ta rufe ido ta taɓa yatsun ƙafarta tana tambaya ko ta ji. Sannan ta ce in gaya mata daidai yadda ta faɗa, kada in ƙara kada in rage: akwai yiwuwar abin da ke damunta ba ciwon da ba ne, akwai yiwuwar shi ne. Jini kaɗan za a ɗiba, babu yanka. In ya tabbata ciwon ne, ita da kanta za ta gaya mata, kuma ba za ta hana ta tafiya gida ba.

Inna ta dube ta. Sai ta ce da ni, "Tambaye ta, uwarta tana da rai?" Dakta ta ce ta rasu. Inna ta miƙa hannu ta ce a ɗiba.

Washegari na kai jinin sashen masu gwajin jini da kaina, na tsaya a kansu. Abokin aikinmu na can ya kira ni ya nuna min a madubi. Jajayen ƙwayoyin jinin sun yi ƙaranci, kuma waɗanda ke akwai sun yi manya-manya fiye da ƙa'ida, irin na wanda ya rasa wannan bitamin. Gwajin bitamin ɗin ma da ya fito ya nuna kusan babu shi a jikinta. Na koma sashenmu da sauri na gaya wa Dakta.

Wannan bai kore sankara ba tukuna, kuma Dakta Folake ta hana ni yin murna a gaban iyalin. An fara allurar a makon, motar albasa ta tafi babu Inna. Da ta ɗan ji ƙarfi ta yarda aka kawo ta asibiti, aka yi mata hoton ciki, aka zura mata siririn tiyo mai kyamara ta baki aka duba inda aka yi haɗin. Likitan tiyata ya ɗebo ɗan nama daga wurin don a tabbatar. Ni na karɓe shi, ni na daskarar, ni na yanka. Na kai wa Dakta gilashin na tsaya a bakin ƙofa. Ta duba, ta sake dubawa, ta ɗago ta ce babu komai.

Kafin azumin shekarar ya zo, Inna Rakiya ta koma bakin layi. Ba ita ke toyawa ba, surukarta ce, ita tana zaune a gefe tana zuba miya tana faɗa a kan an cika wuta. Harshen ya warke, hakin ya tafi. Ƙafafun ne ba su dawo duka ba, domin jijiya in ta daɗe a lalace ba ta komawa yadda take, har yau da sanda take tafiya. Alhaji Sani ya zo har gidanmu ya ba ni haƙuri a kan tsayuwar da ya yi min, na ce ni ce na shigo da kalmar ba tare da na share mata hanya ba.

Sai bayan duk wannan muka koma kan abin da ya kai ni gidan tun farko, wato neman izininta a sa namanta cikin binciken. Na yi mata bayani da Hausa tun daga tushe. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne jin cewa wani yanki na tumbinta yana nan a ajiye. Ta ɗauka an binne shi tuntuni. Na ce in tana so a ba ta, haƙƙinta ne. Ta yi tunani ta ce a'a, mu riƙe, tunda ita bai yi mata amfani ba wataƙila ya yi wa wani. Ta dangwala yatsa.

Binciken ya ci gaba har bayan na bar aiki. Abin da na gani da idona shi ne, da yawa daga masu zane irin nata ba su yi tsawon rai ba, don haka awon ba ƙarya yake yi ba. Amma yana magana ne a kan taron mutane, ba ya yanke wa mutum ɗaya hukunci, kuma sai an haɗa shi da zurfin ciwon da inda ya bazu. Dakta Folake ta kuma roƙi sashen tiyata cewa duk Bahaushen da aka cire wa tumbi a kira ni kafin a sallame shi, in gaya masa da harshensa cewa allurar nan ba ta ƙarewa ko da ya ji garau. Na yi wannan har ranar da na ajiye aiki, kuma na bar wa wata 'yar Sabo da ke aikin jinya.

Ina gode wa Allah da ya haɗa ni da shugabar da ta tsaya ta yi tambaya a lokacin da ni na riga na rufe maganar. Ina gode wa tsohuwar da ta miƙa hannunta ga baƙuwa bayan ta gama sallama da duniya. Ku matasan da ke zaune gaban madubi yanzu, ku auna da kyau, ku sake aunawa in kun yi shakka, domin rayuwar wani na rataye da aikin hannunku. Amma in kun gama, ku tambayi inda mai naman yake da yadda ya kwana.

Inna Rakiya tana zuwa allurarta a kan lokaci. Kafin in yi ritaya, duk zuwan da ta yi sai ta biyo ta bayan ginin sashenmu, ta ƙwanƙwasa taga da sandarta. In na leƙo mu gaisa, ta tambayi gwaggona, ta tambayi Dakta. In za ta tafi sai ta nuna ɗakin ajiya da haɓa ta ce, "A gaida min tumbina, a ce masa ina nan."